Tafet Goma Sha Biyu na Motar Des

Ranar Litinin da safe makaniki Vince Carbone ya buɗe rumfar 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci, ya kai hannu kan kantar da ya ajiye akwatin sababbin tafet, hannun ya dawo wayam. Ya leƙa ƙarƙashin benci, ya zazzage durowa, har kwandon shara sai da ya kifar. Babu su babu dalilinsu. Kafin rana ta take kaf Warrigundi an ji, domin garinmu irin garin nan ne da za ka yi atishawa a gidan mai a yi maka sannu a mahauta.

Kayan ba wasu manya ba ne. Ƙarafa ne goma sha biyu, kowane bai fi babban yatsa ba, waɗanda ke zama a kan doron kamshaf, sandar nan mai juyawa a cikin inji, suna tura bawul. To amma inji ba ya tashi sai da su, kuma injin da ake magana na akori-kurar Des Halloran ne. Des ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikin motar nan, yana zagaya gonakin tumaki yana gyara famfunan rijiya. Yanzu yana gidan kula da tsofaffi, ƙwaƙwalwa ta tafi ta bar shi, tun hunturun bara bai ƙara kiran sunan matarsa Noelene ba. Likita ya ce kada a yi dogon buri. Shi ya sa 'yan ƙungiya suka ɗauki alkawari za su tayar da motar su kai masa ranar Asabar, ranar haihuwarsa, ko Allah zai sa ya gane ta, ya dawo wa matarsa ko na ɗan lokaci ne. Idan aka ce sai an sake aikawa Melbourne a kawo wasu tafet ɗin, Asabar ta wuce, wataƙila Des ma ya wuce.

Ɗan sandan yankin yana can yana fama da ɓarayin shanu, sai aka aika wa Gwaggo Merle Kirby.

Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mahaifinta ne ya koya mata karatun ƙasa, wato bin sawu, tun tana bin sa ba takalmi, kuma a hannunta aka samo yara da 'yan yawon buɗe ido da dama da jeji ya haɗiye. Ta zo a hankali, saboda gwiwa, da hularta mai faɗi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa mazan nan kallo.

"Merle, taimaka ki duba mana ƙasa," in ji Vince.

"Wace ƙasar? Wadda kuka tattake kamar tumaki a bakin kwamin ruwa? Ku fita min, dukanku. Kai ma, Vince, da tumbinka."

Suka fito sumul. A waje Rodney Pike, mai shagon kayan gona, ya matso kusa da ita yana magana ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasar da kowa ke ji.

"Ni dai ban kama sunan kowa ba. Amma tunda aka fara nuna wa baƙi inda ake ɓoye mabuɗi..."

Bai ƙarasa ba, ba ya ma buƙata. Baƙo ɗaya ne a ƙungiyar, Sione Taufa, mutumin Tonga da ya zo tsinkar lemu ya zauna. Ran Merle ya ɓaci nan take. Ta san wannan waƙar, an sha rera wa danginta, 'yan asalin ƙasar nan, ita.

"Idan ba ka kama suna ba, to ka kama bakinka," ta ce.

*

Ta zagaya bayan rumfar, inda ƙaramar ƙofa take. Mabuɗin na nan ƙarƙashin tsohuwar tayar da kowa ya sani. Jiya Lahadi da rana gari duk ya tafi filin ƙwallo, ba wanda ya bi lungun, jar ƙasar nan kuwa ta riƙe sawu tsaf. Takalmin aiki ne na namiji, ƙato, ya shiga ya fito.

Vince da ke leƙe ta kan kafaɗarta ya ce, "Wannan ai ƙafar basamude ce."

Merle ta matsar da shi gefe. Ta durƙusa da ƙyar ta karkata kai don rana ta haska mata sawun daga gefe. Takalmin babba ne, amma bai nutse a ƙasa ba, kuma tazarar taku gajeriya ce. Dunduniyar tana ja kafin ta ɗaga, bakin takalmin kuwa kusan bai taɓa ƙasa ba. Wanda ke ciki bai cika shi ba. Ta bi sawun har bakin kwalta, nan ya ɓace mata.

Abin da ya fara zo mata a rai shi ne wani ne ya sa ƙaton takalmi da gangan don a ɗora wa Sione. Kuma a ƙungiyar nan, wa ya fi Rodney ƙananan ƙafafu?

Ta same shi a shagonsa yana jera buhunan abincin kaji.

"An ce kai ma kana da irin injin nan a garejinka."

"Ina da shi. Laifi ne?"

"An ce kuma ka taɓa neman Noelene ta sayar maka da motar."

"Na nema, ta hana, na haƙura." Ya ajiye buhun. "Merle, ni kike zargi? Ni na yi ta buga waya har aka samo tafet ɗin nan. Sai da muka kusa dambe da Vince a kansu. Ni na ce a sa na ƙarfe zalla masu ƙarfi, shi ya ce a'a, irin na asali masu shan mai za a sa, waɗanda ba sa ƙara, wai yana so injin ya yi shiru har a ji numfashin direba. Shi ya ci. To me zan yi da abin da tun farko ban so ba?"

"Jiya da rana kana ina?"

"A filin ƙwallo, ina gasa tsiren nama tun daga busa usur har tashi. Tambayi duk wanda cikinsa ya ɓaci yau."

Ta tambaya, kuma gaskiyarsa ce. Rabin gari ya ci tsiren Rodney. Ta fito ba ta ji daɗi ba, domin ta so a ce shi ne, kuma ta san wannan son ba na mai bin sawu ba ne.

*

Sione na kan tsani a cikin gonar lemu. Da ya hango ta ya sauko ya cire hula, ya goge hannu a wando kafin ya miƙa mata.

"Gwaggo, na san abin da ya kawo ki."

"Me ya kawo ni?"

"Na shiga gidan mai da safe kowa ya yi shiru." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Jiya ina coci har la'asar, muna waƙa. Amma wa zai tambayi coci?"

"Taka nan in gani," ta ce, ta nuna masa ƙasa mai laushi a gindin bishiya.

Ya taka. Sawun ya nutse kamar an dasa turmi. Merle ta yi dariya har da riƙe gwiwa.

"Ɗana, kai ko da kan yatsu ka yi tafiya sai ƙasa ta kai ƙararka. Ba kai ba ne."

Ya sauke ajiyar zuciya, sai kuma idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana gyara tsani don kada ta gani.

"Ni ba don kaina ba," ya ce. "Lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, Baba Des ne ya tsaya ya ɗauke ni a hanya da jakata. A motar nan. Ina so in gan shi a cikinta, shi ke nan. Na ce wa Vince mu mayar da tsofaffin tafet ɗin kawai, ya ce sai dai bayan ransa."

"Tsofaffin suna nan?"

"Suna nan, a kwalin ƙwai. Kin san Vince. Duk tafet ɗin da ya ciro sai ya sa shi a raminsa bi da bi, na gaba a gaba, na baya a baya. Ya ce kowane ya saba da doron da ya tsufa a kai, idan ka sauya masa wuri sai su cinye juna. Ko zubarwa zai yi, sai ya jera su tukuna."

Ya cika mata jaka da lemu, ta ce ya yi yawa, ya ƙara mata biyu.

*

Da yamma ta koma rumfar ita kaɗai. Injin na kan ƙarfensa a tsakiyar fili, an wanke shi fes, an shafa masa jan fenti. Motar kuwa an tura ta can jikin bango, baki buɗe ba inji, ƙura ta lulluɓe ta. Wajen benci da wajen ƙofar direba ba abin karantawa, maza sun gama da shi. Sai dai kwalin ƙwan Vince da ke kan kantar, shatin ƙura ya nuna an jawo shi gaba.

Sai ta lura da ɗan tsukin da ke tsakanin motar da bango, ta gefen fasinja. Ba wanda ke bi ta nan, ba abin da zai kai makaniki can. Ta haska da tocila.

Sawun na nan, shi kaɗai, a kan ƙura mai kauri. Daga ƙofar baya bai nufi kantar kaya ba, nan ya fara zuwa. Ya ratsa tsukin a karkace, ya tsaya daidai ƙofar fasinja, ƙafafu biyu a haɗe. An daɗe a tsaye, don ƙurar ta murje inda aka yi ta sauya ƙafa. Marfin ƙofar an goge shi da tafin hannu. Merle ta buɗe a hankali. A kan kujerar, ta hagu, ƙurar ta tashi daidai faɗin mutum ɗaya marar jiki, kuma a bakin taga akwai inda aka ɗora gwiwar hannu. Kujerar direba ba a taɓa ta ba, sai dai wuri ɗaya a gefenta, shatin yatsu huɗu.

Ta daɗe tana kallon yatsun nan. Ɓarawo kantar kaya zai nufa. Makaniki inji zai nufa. Duk namijin da ya taɓa sha'awar motar nan, sitiyari zai je ya riƙe. Mutum ɗaya ne a duniya zai matse kansa a jikin bango don ya zauna a wannan gefen, domin nan ne wurinsa.

Merle ta san ko wace ce. Ita da Noelene tare suka yi aikin girki a gonar tumaki suna 'yan mata, ita ta riƙe mata mayafi ranar aurenta. Kuma ta sha ganin takalman Des a bakin ƙofar kicin, Noelene na zura su ta fita ba kaji ruwa. Ta rufe ƙofar motar kamar mai gudun tayar da wani daga barci. Abin da ba ta gane ba shi ne dalili. Duk garin nan ba wanda ya kai Noelene son Asabar ɗin nan ta zo.

*

Washegari ta tafi gidan tsofaffi da lemun Sione. Ɗakin Des na ƙarshen baranda, ƙofar a buɗe. Yana zaune a kujera, ya rame, manyan hannayen nan nasa suna ta fizgar bargo, yana wani gurnani na rashin natsuwa. Noelene na gefensa, 'yar ƙaramar mace mai farin gashi, ba ta ga shigowar Merle ba.

Ta ga Noelene ta juya zoben aurenta, ta fara ƙwanƙwasa shi a jikin ƙarfen gado. Tak, tak, tak, tak, a hankali, ba sauri ba tsayawa. Gurnanin ya ragu. Hannayen suka saki bargo. Can sai hannun hagu na Des ya ɗaga ya fara lalube a iska, daidai inda giya take.

Merle ta tsaya da jakar lemu a hannu. Wannan ƙarar ta san ta. Duk wanda ya zauna a Warrigundi ya san ta, sai dai ba wanda ya taɓa tunaninta.

Noelene ta ɗago, suka haɗa ido. Zoben ya tsaya.

"Merle."

"Ƙawata. Ga lemu, Sione ya ba ni."

Da jin sunan, fuskar Noelene ta yi ja har wuya. Ta karɓi jakar ta rasa inda za ta ajiye.

"Na ji abin da ake faɗa a kansa," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ban runtsa ba."

"Na sani."

"Me ƙasa ta gaya miki?"

"Ta ce takalmin ya yi miki yawa. Wata rana sai ya kayar da ke."

Noelene ta yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama kuka. Merle ta jawo kujera ta zauna, ta kama hannunta, ba ta tambaye ta komai ba. Sai da ta lafa ta ce, "Zan tara su a rumfa da la'asar. Ba zan kama sunanki ba, ko za a yanka ni. Amma yaron nan ba zai ƙara kwana da wannan abin a kansa ba. Ki zo, ko kada ki zo."

*

Suka hallara, Vince da Rodney da Sione da sauran 'yan ƙungiya, kowa ya sami abin zama, wani kan taya wani kan jarka. An dafa shayi ba wanda ya sha. Rodney ya zauna nesa da Sione. Noelene ce ta zo ƙarshe, rungume da gwangwanin biskit, aka yi ta rige-rigen ba ta kujera.

Merle ta tsaya a jikin motar.

"Ba Sione ba ne," ta ce. "Wanda ya shigo nan, Sione zai ɗauke shi da hannu ɗaya. Rodney, kai ma ba kai ba ne, ko da yake na so."

Aka ɗan yi dariya, ban da Rodney.

"Wanda ya shigo bai zo da gaggawa ba. Kafin ya taɓa komai sai da ya bi ta jikin bangon can ya shiga mota ya zauna a gefen fasinja. Ya daɗe. Ya ɗora hannu a kujerar direba. Sannan ya fito ya ɗauki akwatin. Ga kwalin ƙwan Vince a kusa da shi, da tsofaffin tafet, bai ɗauka ba, sai ma ya jawo shi gaba inda ido zai gani. Iyakar abin da ƙasa ta faɗa min ke nan. Sauran ba nawa ba ne."

Vince ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga Noelene ta miƙe. Ta ɗora gwangwanin a kan benci ta cire murfin. Ga su nan, goma sha biyu, kowane a naɗe cikin takardarsa mai maiƙo.

Ba wurin Vince ta fara zuwa ba. Gaban Sione ta je ta tsaya, kanta bai kai ƙirjinsa ba.

"Ɗana, ka yafe min. Ban taɓa zaton kai za a kalla ba. Da na ji, sai kunya ta ɗaure min baki, kuma wannan ya fi satar muni."

"Haba Mama," in ji Sione. Ya sunkuya ya rungume ta, ta ɓace a cikin hannayensa.

"Amma Noelene, don me?" Vince ne. "Don ke fa muke yi."

Ta share ido da bayan hannu ta juyo.

"Na gaya maka, Vince. Ranar da akwatin ya iso, kana ta murna kana cewa injin zai yi shiru. Na ce ku bar masa ƙararsa. Kuka yi dariya, ka ce Noelene akwai barkwanci, ka ba ni shayi."

Vince ya sunkuyar da kai. Ya tuna.

"Tun muna gona motar nan take da tafet ɗaya mai ƙara. Daga bakin ƙofar shinge nake jin tak-tak ɗinta, in ɗora ruwan zafi. Yaranmu da ita suke barci a hanya. Yanzu idon Des ba ya gane komai. Na kai masa hoton motar, ya kalla kamar takardar banza. Ni kaina kallon ma'aikaciya yake min. Kunne ne kawai ya rage masa. Idan kuka kai masa mota mai sheƙi wadda ba ta magana, motar wani kuka kai masa." Ta dubi Vince. "Na ɗauka idan sababbin suka ɓata dole ku mayar da tsofaffin. Ban san taurin kanka ya kai haka ba."

Wani ya yi tari. Rodney ya tashi, ya tsallake fili, ya zuba shayi a kofi ya miƙa wa Sione ba tare da ya iya kallonsa ba. Sione ya karɓa.

Vince ya ɗauko kwalin ƙwan ya buɗe. Ya bi tsofaffin tafet ɗin ɗaya bayan ɗaya yana danna kan kowane da ɗan ƙarfe. Duk suka tsaya ƙyam, sai na tara, wanda ya lotsa ba gardama.

"Ga munafukin," ya ce. Ya juya shi a tafin hannunsa yana duba gindin. "Kun san abin da kuke so in yi? Ubana da ya koya min aikin nan, da zai ga na wanke inji fes sannan na ɗauki mataccen ƙarfe na mayar ciki da hannuna, da sai ya tashi daga kabari ya mare ni."

"Zai ɓata injin?" in ji Merle.

Ya dubi tafet ɗin, gaskiya da girman kai suna kokawa a fuskarsa.

"Kamshaf ɗin nasa ne na asali, ban sauya ba. Idan ya koma raminsa, kan doronsa, ba abin da zai ci. Ƙara kawai zai yi." Ya ja tsaki. "Ƙara kamar ana sara itace. Kuma duk wanda ya tambaya, ku ce Rodney ne ya haɗa."

*

Sha ɗaya sababbi suka shiga, da tsoho ɗaya. Ranar Juma'a da aka tayar da injin, Vince ya toshe kunnuwa ya fita waje, amma Merle ta gan shi a bayan rumfa yana fyace hanci.

Asabar da hantsi aka turo Des a keken marasa lafiya zuwa inuwar bishiyar da ke harabar gidan. An sa masa riga mai tsabta, an taje masa gashi. Kansa a sunkuye, bai kula da mutanen da suka taru ba. Noelene na tsaye a bayansa, ta riƙe keken da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Merle na gefenta. Tsoro take ji, tsoro sosai, domin ta san abin da zai sami ƙawarta idan motar ta zo ta tsaya bai ɗago ba.

Sione ne ya tuƙo. Tun kafin a ga motar aka ji ta daga kwanar coci, tak, tak, tak, tak, a ƙarƙashin rurin injin. Ta shigo harabar a hankali ta tsaya a gabansu, bai kashe ta ba.

Des bai motsa ba. Merle ta ji hannun Noelene ya damƙi nata har da zafi.

Sai kan ya fara karkata, ba wajen motar ba, gefe guda, yadda makaniki ke yi idan yana saurare. Girarsa ta haɗe. Leɓunansa suka yi motsi ba sauti. Ya ɗago ya dubi bakin motar, ya daɗe, sannan ya waiga ta kan kafaɗarsa, kai tsaye, inda ya san za a same ta.

"Noelene," ya ce, da muryar da ta yi tsatsa.

Ta zagayo ta durƙusa a gabansa. "Ga ni, Des."

"Kin ji tafet ɗin can?" Ya girgiza kai cike da takaici. "Ki tuna min ranar Lahadi in gyara shi."

Hawaye na zuba a fuskarta, tana dariya. Ta kama hannunsa ta ɗora a kumatunta.

"Tun kafin a haifi yara kake faɗar haka."

"To ai Lahadin ce ba ta zo ba," in ji Des. Ya dube ta sama da ƙasa. "Me kike yi a ƙasa? Shiga mota mana, rana na yi."